Tsaga ta Uku

Litinin, 22 ga Afrilu, ƙarfe 4:10 na yamma

Ina zaune a barandar baya, kusa da rijiya. Wuta ta ɗauke tun azahar. Iska daga yamma take, ba ta da ƙarfi. Gwaggo Muttubi, yayar mahaifina, ta fita daga gidan nan yanzun nan, ta bar shayin da Umma ta zuba mata yana hucewa. Zan rubuta abin da ta faɗa yadda ta faɗe shi, tun kafin zuciyata ta fara yi masa gyara.

Ta ce an taɓa itatuwan kwakwar gidansu da ke bakin tafki, gefen yamma. Tsagar gidansu a jikin itace kara biyu ce a tsaye. Yanzu an tarar da itatuwa ashirin da shida duk da kara na uku a gicciye. Kara biyu da gicciye kuwa kowa a tsibirin nan ya san tsagar Uppa ce, mahaifina, wadda yake yi wa abin da yake nasa na kansa.

Gwaggo ta ce itatuwan dukiyar Juma'a ce: ta gida, ta biyo ta wajen uwa, za ta bi 'ya'yan mata, ba mai sayarwa ba mai rabawa. Uppa ya ce a'a, dukiyar Litinin ce, ta guminsa, wadda mutum yake bar wa 'ya'yan cikinsa. 'Ya'yan cikinsa ni ce. Ni kaɗai.

Umma ta ce mata ai wannan maganar gidanku ce, me ya kawo ta nan. Gwaggo ta nuna ni da haɓa.

"Ga abin da ya kawo ta. Shekara huɗu Jasila tana ƙetare tana karatun noma. Na ce wa Liman a kira ta ta duba itacen. Abin da ta faɗa na yarda, ko a kaina zai faɗo."

Na lura hannun Umma ya tsaya a kan murfin buta bai ɗaga ba.

Abin da ke gabana kafin yau: aikin da na samu a wurin renon dashen kwakwa, can ƙetare kusa da birnin Kochi, ana so in bayyana farkon Yuni. Jirgin ruwa na ƙarshe kafin teku ta rufe saboda damina an ce tsakiyar Mayu. Shi ke nan abin da nake tunani har ƙarfe uku da rabi na yau.

Talata, 23 ga Afrilu, ƙarfe 6:40 na safe

Takalman Uppa suna bakin ƙofa, inda suke kwana tun kafin a haife ni. Na roba ne, shuɗi, igiyar na hagu an ɗaure ta da zaren kamun kifi. Ya zo bayan isha kamar kullum, ya ci shinkafa da miyar kifin tuna, ya kwana. Yanzu yana shan shayi kafin ya koma gidansu, wurin Gwaggo, inda yake wuni kamar kowane magidanci a tsibirin nan, don kwana kawai miji yake yi a gidan matarsa.

Yana ta kirana alƙali, wai in taimaka in sa masa rana mai kyau. Ya ce shi ma ya gaya wa Liman ya yarda a kira ni, in bai yarda da 'yarsa ba da wa zai yarda. Ya yi dariya. Umma ba ta taya shi ba.

Da na ɗauki zanensa na aiki zan jiƙa, gefensa duk toka ne da man kifi, irin wanda ake shafa wa kwale-kwale. Bana bai fara shafa wa nasa ba, sai an ja shi tudu bayan teku ta rufe. Ba yau na fara gani ba a watan nan. Na rubuta ne kawai saboda na gani.

Laraba, 24 ga Afrilu, azahar

Liman Ceriyakoya ya sa rana: Juma'a ta sama, bayan la'asar, a gindin itatuwan.

Asabar, 27 ga Afrilu, ƙarfe 2:00 na rana

Na je. Riyas ɗan Gwaggo ne ya raka ni da tsani. Abokin wasana ne tun muna yara, bai fasa ba yau ma. Tun daga hanya yake cewa a ba Farfesa wuri, ta zo ta tambayi itace ranar haihuwarsa. Ya ce in itacen ya ƙi magana in yi masa Turanci. Na ce shi da ya faɗi jarrabawa sau biyu ai tsani ne daidai shi. Ya ce tsanin dai shi zan taka.

Hanyar ba wuya. Duk reshen da ya faɗi yakan bar zobe a jikin kwakwa, wajen sha biyu ko sha uku a shekara. A ƙirga zobba, a raba, a ƙara shekarun da dashe yake yi kafin ya yi jiki. Na ƙasa na ƙirga da hannu, na sama da hoton waya. Kuskure yana iya kaiwa shekara biyar, sama ko ƙasa. Na maimaita kowace sau biyu.

Bakwai da ke layin gaba, dab da ruwa, shekarunsu tsakanin ashirin da ashirin da biyar. Ni ina da ashirin da biyu.

Sauran sha taran babu wadda ta gaza sittin. Uppa yana da hamsin da biyu.

Sai tsagar. Jikin kwakwa ba ya warkewa, abin da aka yanka yana nan har ta faɗi, sai dai bakinsa ya dakushe, gansakuka ta shiga. A kan bakwai ɗin nan duka karan uku sun tsufa tare. A kan sha taran, biyu na tsaye sun yi fari-fari da gansakuka. Na gicciyen baƙi ne. Na sa farce na kankare, baƙin ya fita, ƙarƙashinsa ɗanyen itace. Na shinshina yatsana.

Riyas ya daina wasa. Ya tambaye ni me na ji. Na ce ban gama ba. Ya ce, a hankali, ba irin maganarsa ba: "Kin san fa ba ni na ce a kira ki ba."

Na wanke hannuna a tafki, na sake wankewa a gida da sabulu. Har yanzu ina jin warin.

Lahadi, 28 ga Afrilu, safe

Takalma suna nan. Uppa ya tambayi Umma ko na je, bai tambaye ni ba.

Talata, 30 ga Afrilu, ƙarfe 11:15 na safe

Muna gurzar kwakwa da Umma, ita ta fara. Ba ta dube ni ba, da kwanon take magana.

Ta tuna mini da guguwar nan ta shekarun baya, yadda teku ta kwashe gefen gabas ta tafi da kusan duk itatuwan gidanmu, ta bar mana abin da ko miyar shekara ba ya isa. Ta ce tun ranar Uppa bai ƙara barci sosai ba. Ta ce an ga mutanen ƙetare masu son kafa rumfunan baƙi suna auna bakin tafki da igiya, kuma an gan su suna shan shayi da shi. Dukiyar Juma'a ba mai ba su. Ta Litinin kuwa mai ita ke da magana.

Na ce ni ban roƙi kowa komai ba. Ta ce ai ba a roƙon uba.

Daga nan ta kawo zancen Hajarabi ta bayan masallaci, wadda mijinta ya yi fushi da 'yan'uwanta ya daina zuwa. Ba faɗa, ba sallama. Ta yi damina guda tana rufe masa abinci, sai saƙon saki ya iso ta bakin ƙaninsa. Na san labarin, kowa ya sani. Ban san Umma tana riƙe da shi haka kusa ba.

"Namiji a gidan nan baƙo ne, Jasila. Shekara ashirin da biyar baƙo ne. Baƙo kuwa in aka kunyata shi ba ya tsayawa neman hanya, da ma takalmansa a bakin ƙofa suke."

Na ce to me take so in faɗa. Ta ce ita ba ta ce in yi ƙarya ba, Allah Ya tsare. Amma ba duk abin da ido ya gani baki yake ɗauka ba. Na ce in an tambaye ni fa? Ta ci gaba da gurza har ta gurje yatsanta.

Laraba, 1 ga Mayu, yamma

Na sake lissafin. Na ba sha taran duk rangwamen da littafi ya yarda, na ƙara musu wanda bai yarda ba. Mafi ƙanƙantarsu ta girmi Uppa.

Alhamis, 2 ga Mayu, ƙarfe 5:30 na yamma

Uppa ya aiko a kira ni bakin gada, inda kwale-kwale ke tsayawa. Na same shi yana zaune a ƙarshenta, ƙafafunsa a ruwa. Igiyar ruwa a bayan shingen murjani da ya raba tafki da teku ta fara tsawo, ana jin rugugin daga nan.

Ya miƙo mini tikitin jirgi. Tun asuba yake layi. Ya ce in riƙe tun yau, kada gobe in ce da shi aka saye ni.

Sai ya shiga ba ni labarin ranar sunana. Wai daga wurin walima ya zame, ya ɗauki dashe bakwai da ya rena da kansa, ya kai su layin gaba ya dasa, yana ɗebo musu ruwan rijiya a tulu saboda na wurin gishiri ne. Na ce na gan su, suna da lafiya. Ya ce ya san na gan su.

Ya ce sauran kuma shekara talatin shi ke tone gindinsu, shi ke zuba musu taki, shi ke biyan mai hawa. Gwaggo ko sau ɗaya ba ta taɓa zuwa ta ga ko tsutsa ta shiga ba. In ya mutu Riyas da ƙannensa mata su ci, ni ko ɓawo. Ya tambaye ni ko a littattafanmu an rubuta wannan adalci ne. Na ce ba a rubuta ba. Gaskiya ce, ba a rubuta ba.

Sai ya ce ya ji ni da kaina ina cewa lissafin nan yana da kuskure.

Na ce shekara biyar.

"To ki faɗi hakan. Ki ce ba ki da tabbas. Ba ƙarya ba ce, ko?"

Na ce a kan shekara biyar ba ni da tabbas. Ya dube ni, ya yi murmushi, ya ce tun ina ƙarama in aka aike ni sayen kifi sai na dawo da labarin nawa mai kifin ya rage. Ya dafa kaina. Bai taɓa cewa komai game da tsagar ba, ni ma ban ce ba.

Juma'a, 3 ga Mayu, ƙarfe 6:20 na safe

Takalma suna nan.

Juma'a, bayan magariba

Zan rubuta a jere, in ba haka ba ba zan iya ba.

Dattawa biyar ne da Liman, a kan tabarma a gindin itatuwan. Mata a baya wajen shinge. Umma ba ta zo ba. Mutanen da ba a gayyata ba sun fi waɗanda aka gayyata yawa.

Liman ya ce in faɗi abin da na sani, in bar abin da nake zato. Na fara da bakwai ɗin. Na ce shekarunsu sun yi daidai da maganar Uppa, tsagarsu kuma tsohuwa ce gaba ɗaya. Na faɗe shi da ƙarfi don kowa ya ji. Gwaggo ta ce waɗannan ba ta musu, ta ga ranar da ya dasa su.

Sai sha taran. Na faɗi shekarunsu, na faɗi kuskuren lissafin, na tsaya nan. A raina na ce shi ke nan, an gama, ba sai an je ga ɗayar maganar ba. Na ga Liman ma yana gyara zama zai rufe.

Uppa ne ya miƙe. Ya ce shi bai taɓa cewa duka da hannunsa ya dasa ba. Ya ce tsofaffin kuwa, mahaifinsa ne ya dasa su, guminsa ne, ya ba shi su tun yana raye, shi ya sa tsagar take kansu tun tuni. Gwaggo ta ce yau kuma sabon labari. Wani dattijo ya ce to ai tsagar ce shaida. Uppa ya ce ƙwarai.

"Ga ta nan. A tambaye ta tsagar."

Ni yake kallo. Ba da fushi ba. Kallon da yake yi mini in zan tsallaka daga gada zuwa kwale-kwale, ya miƙo hannu.

Liman ya tambaya. Ya tambaya a hankali, kamar mai ba ni hanya. Ya ce ko ana iya sanin shekarun tsaga, ko abin ya fi ƙarfin ilimi.

Ana iyawa.

Na ce biyu na tsaye sun haura shekara arba'in. Na ce na gicciyen bai kai wata biyu ba, an shafa masa toka da mai. Na ce duk mai so ya kankare da farce ya gani.

Ba wanda ya tashi ya kankare.

Liman bai tambayi hannun wa ne ba. Ya ce Allah Ya san hannu, mu itace aka kawo mana. Ya yanke: bakwai na Attakoya ne, wato Uppa, dukiyar Litinin, ya yi yadda ya so da su. Sha tara na gida ne har abada. Aka shafa fatiha.

Uppa ya kakkaɓe zanensa, ya ce alhamdu lillahi, karatu ya yi rana. Ya bi bakin ruwa ya yi arewa. Wata daga cikin matan baya ta ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ban san yabo take yi ko zagi ba. Gwaggo ta ce mata ta rufe bakinta.

Umma ta zuba abincinsa ta rufe da faranti. An kira isha.

Asabar, 4 ga Mayu, safe

Babu takalma.

Lahadi, 5 ga Mayu, safe

Babu.

Litinin, 6 ga Mayu, ƙarfe 3:00 na rana

Babu. Umma tana ba kaji abincin jiya da safe, ta dafa sabo da yamma, ta rufe. Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi da na fi jin sauƙi. Tana yi mini magana a kan gishiri, a kan wanki, a kan ko akwatina zai ɗauki busasshen kifi.

Na fita sayen sukari, mai shago ya ce in duba masa sikelinsa ko shi ma bai kai wata biyu ba. Masu zama a benci suka yi dariya. Ba mugunta ba ce, na sani. Na manta sukarin a kan teburinsa.

Laraba, 8 ga Mayu, ƙarfe 10:00 na safe

Gwaggo ta zo. Wannan karon ta sha shayin. Ta zo ne ta tambaya ko a nan Uppa yake cin abincin rana, don wurinta bai taka ba tun Juma'a. Umma ta ce mu da muke zaton yana wurinki. Riyas ne ya gano a rumfar kwale-kwale ta arewa yake kwana, a kan tarin raga, yana dafa wa kansa shayi a gwangwani.

Suka zauna su biyu suna kallon rijiya. Gwaggo ta ce ta ci shari'a ta rasa ƙane. Ta ce da ta sani da ta bar shi da kara ɗayansa, itacen ai ba gudu za su yi ba. Umma ta ce da kin bar shi da yanzu baƙi ne ke shanya kaya a kansu. Gwaggo ta ce haka ne. Ban taɓa jin sun yarda da juna a kan komai ba sai yau.

Da za ta tafi ta ce mini ta kira ni ne don ta san ba zan yi ƙarya ba, amma ba ta yi tunanin abin da zai biyo baya ba. Na ce ni na yi tunaninsa. Ta ce to ke kin fi ni laifi ko kin fi ni ƙarfin hali, ɗaya dai.

Alhamis, 9 ga Mayu

Babu. An ce jirgi ranar 15. An kuma ce 17. An kuma ce ba zai tsaya a nan ba in ruwa ya yi haka.

Asabar, 11 ga Mayu, ƙarfe 5:00 na yamma

Na je rumfar. Na kai masa abinci a kwano. Yana zaune yana cusa auduga a tsagin katakon kwale-kwale. Takalman suna rataye a ƙusa.

Na gaishe shi, ya amsa. Ya rame. Ya nuna mini katakon da ya ruɓe, ya ce bana sai an sake shi. Ya ce man kifi ya yi tsada. Da ya faɗi haka sai ya sunkuyar da kai kan audugarsa.

Na shirya magana tun daga gida. Na so in ce ba don in kunyata shi ba ne. Na so in ce shi ya ce a tambaye ni. Duka biyun gaskiya ne, kuma da na dube shi sai na ga babu wadda za ta yi amfani. Abin da na ce kawai shi ne Umma tana rufe abinci.

Ya ce ya sani. Ya ce in ajiye kwanon a can.

Ban sani ba ko ya ci.

Lahadi, 12 ga Mayu, azahar

Na gaya wa Umma ba zan tafi ba. Na ce aikin zai jira ko ya tafi, ba zan bar ta ita kaɗai da faranti ba har damina ta wuce.

Yau ta yi faɗan. Ta ce zamana ba zai dawo da shi ba, wataƙila ma ganina ne ke hana shi. Wannan ya shige ni, ta kuma gani, ba ta janye ba. Ta ce tana jina kowace safiya ina buɗe ƙofa a hankali ina leƙawa, ita ba ta haife ni don in zauna ƙirgar takalma ba. Ta ce abin da na faɗa a gindin itace na faɗa, ita da za ta iya da ta haɗiye shi, amma ba ita aka tambaya ba.

Na tambaye ta ko ta yafe mini. Ta ce in kawo akwatin ta ga abin da na sa.

Talata, 14 ga Mayu

Babu. Hadari ya haɗu a kudu maso yamma ya watse. An fara jan ƙananan kwale-kwale tudu. Na Uppa yana cikin huɗun da aka bari a ruwa don kai fasinja, Riyas ya gaya mini ba tare da na tambaya ba.

Alhamis, 16 ga Mayu, ƙarfe 1:25 na rana, a cikin jirgi

Tsibirin ya ɓace tun ɗazu. Rubutuna ya karkace saboda jirgin yana tangaɗi.

An yi shelar da asuba: jirgi ya tsaya a bayan shinge, ba zai jira ba. Muna ɗaure akwati sai muka ji sallama. Muryarsa. Umma ta amsa kamar jiya ya fita.

Ya cire takalmansa a bakin ƙofa, a wurinsu, ya shigo. Bai zauna ba. Ya ce igiyar nan da muka ɗaure ko kaza ba za ta riƙe ba, ya kwance ya sake ɗaurewa. Umma ta miƙa masa shayi, ya sha a tsaye, rabi. Ya ɗora akwatin a ka ya fita, ya kama hanyar gada.

Ƙafarsa ba komai.

Takalman suna nan inda ya cire su, na hagu mai zaren kifi ya ɗan hau kan na dama. Na buɗe baki. Har na ce "Uppa, ka". Sai Umma ta damƙi dantsena ta matsa, ta matsa sosai, shaidar farcenta tana nan yanzu haka. Ba ta dube ni ba. Shi ma bai waiwayo ba.

Na rufe bakina. Muka bi shi a baya, yana taka tsakuwar murjani da tafin ƙafa, har gada.

A kwale-kwale yana riƙe da inji, idonsa a kan mashigar shinge. A waje ruwa ya yi girma. Kwale-kwalen yana hawa har daidai ƙofar jirgi, ya sake faɗawa ƙasa kamar an saki guga a rijiya. Aka fara miƙa tsofaffi. Da aka zo kaina ya ba wani mutum injin, ya zo ya riƙe ni ta baya. Na ɗaga ƙafa zan tsallaka, ya janyo ni. Ya bar igiyar ruwa ɗaya ta wuce, ya bar ta biyu.

"Ba a ƙirgawa. Ki jira ki ji na sake ki."

Ya sake ni. Hannuwa suka cafe ni daga sama. Kafin in juyo kwale-kwalen ya faɗa, sai hularsa na gani.

Abin da ban sani ba, zuwa ƙarfe biyu saura na yau:

Ko mahaifinsa ya taɓa yi masa alkawarin itacen nan da baki. Zobba ba sa nuna wannan.

Abin da zai yi da bakwai ɗin, da ko mutanen igiya za su dawo bayan damina.

Ko da ya ce a tambaye ni yana zaton zan rufe ne, ko ya gaji ne yana so wani ya faɗa.

Ko da na ce abin ya fi ƙarfin ilimi da yanzu ina iya barci.

Yaushe jirgi zai sake tsayawa a tsibirinmu. An ce sai Satumba.

Ko mantawa ya yi da takalman.

Na san dai ba shi da wasu.